Abin da Ya Tsinka Kununa

Ɓarauniya aka mayar da ni, da rana tsaka, a tsakar gidan Hajiya Juwairiya, mata suna ji, har mai kawo mana itace yana tsaye a bakin ƙofa.

Sunana Usaina. A Doma aka haife ni, aure ya kawo ni Lafia, ina Sabon Pegi tun unguwar tana da sauran gonaki. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi. Amma kunun gyaɗa, tun ban kai tsayin turmi ba nake dama shi.

Muna da ƙungiya ta mata. Duk Juma'a mukan dama kunun gyaɗa mu kai asibiti, sadaka ga majinyata da masu zaman jinya. Tukwane uku ne, kowace da mai ita: ni, da Sharifa, da Jumai. Da tsohuwar shugabarmu ta koma wurin ɗanta a Assakio, sai aka ɗora Hajiya Juwairiya mai atamfa, don tsakar gidanta na da faɗi, kuma tana da mota. Tana hawa ta zo da sabbin dokoki. Ita za ta auna wa kowa garin shinkafa da gyaɗa. Kuma babu tukunyar da za a juye a kula sai ta bi ta da ludayinta ta ɗanɗana. Ta kurɓa, ta ɗaga ido sama, ta mayar da ludayin ta juya, ta sake kurɓa. Ga shi asibitin ma sun ce mu riƙa kaiwa sai an sauko Masallaci, kunun kuwa tun hantsi yake kammaluwa.

Sai nawa ya fara tsinkewa. In juye shi a kula da kaurinsa, a je asibiti a buɗe a tarar da ruwa tsararo. Na Sharifa lafiya, na Jumai lafiya. Juma'ar da ta biyo haka, wadda ta biyo ta ma haka. Har nas ɗin da ke karɓa ta tambaya ko gari ne ya yi mana ƙaranci.

Ranar da abin ya fashe, Hajiya Juwairiya ta tara mu ta ce, "Yaya Usaina, ki yi haƙuri, amma gari ɗaya nake aunawa kowa. In rabi tukunya ne rabi gida, ki faɗa mana, sai mu san taimakon da za mu yi miki."

Na ce, "Taimakon uban wa? Ludayinki ne! Wace uwa ce ba ta san in ana ba yaro koko, cokali na shiga bakinsa yana komawa kwano, kokon tsinkewa yake yi ba?"

Ta yi murmushi, irin na mai jiran wannan maganar. Ta ce, "Da ludayin nan nake ɗanɗana na Sharifa. Da shi nake ɗanɗana na Jumai. Me ya sa naki kaɗai?"

Sharifa ta sunkuyar da kai, Jumai ta hau gyaran itacen da ba ya buƙatar gyara. Aka ce in huta tukuna, za a ba wata tukunyata. Na ɗauki mayafina na fita.

Kwanakin da suka biyo, fushi ne ya hana ni cin abinci, amma tambayar ce ta fi ci na. Matar nan gaskiya ta faɗa a wannan gaɓar. Ludayi ɗaya, baki ɗaya, gari ɗaya. Me yake cikin tukunyata? Na wanke ta da toka na leƙa, babu komai. Na yi tunanin hannu aka sa mini, na kuma ce wa zai ɓata asirinsa a kan kunun sadaka.

Gidan da ke kallon namu akwai wata 'yar haya mai suna Member, 'yar Tibi ce, tana koyarwa a jami'a. An ce karatunta a kan abin da abinci ke zama ne in ya shiga jiki. Ranar Asabar da safe na same ta a bakin ƙofarta tana wanki.

Na ce, "'Yata, a wurin aikinku akwai injin da zai auna kunu ya faɗi yawan garin da aka zuba?"

Hausarta irin ta kasuwar Lafia ce, mace da namiji duk "ka" ne a wurinta. Ta ce, "Mama, akwai. Amma ina kunun?"

"An shanye."

"To me zan auna, cikin majinyata?" Ta yi dariya, ta ga ban yi ba, ta tsame hannu daga kumfa ta jawo mini kujera. Na kwashe labarin duka na faɗa mata, har da zagin da na yi a hanya wanda babu wanda ya ji.

Ta ce, "Maganar cokali, ka yi daidai. Ka san abin da ke yin haka?"

"Yawu."

"Me ke cikin yawu?"

Shekaruna duka ban taɓa tambayar kaina wannan ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ƙananan kofunan gilashi, da faranti fari, da kwalbar aidin irin na miki. Ta dama ɗan sitaci a kan gas ɗinta, ta ɗiga shi a faranti, ta sa masa aidin. Nan take ya koma baƙi mai shuɗi-shuɗi, kamar an zuba baban rini.

Ta ce duk inda aidin ya haɗu da sitaci haka yake yi, kuma shinkafa yawancinta sitaci ce. Na ce sitacin guga? Ta ce shi dai. Wai in da ido zai iya ganinsa, dogayen igiyoyi ne kamar carbi, kowane ɗan carbi sukari ne, igiyoyin su ke sarƙewa su riƙe ruwa, shi ne kauri.

Sai ta miƙo mini kofi. "Mama, tofa."

"Ke, da girmana?"

"To ni in tofa, ka ce yawun Tibi ne ya yi."

Na juya baya na tofa. Ta sirka shi da ruwa mai yawa, ta zuba kaɗan a sitacin, ta riƙa ɗiba lokaci-lokaci tana ɗigawa a faranti da aidin. Ɗigon farko baƙi. Na gaba ya yi ja-ja. Can sai aidin ya tsaya da kalarsa, kamar bai taɓa komai ba. Na karkata kofin, abin da ɗazu yake da kauri ya zama ruwa.

"Ina sitacin ya tafi?"

"An yanyanka shi. A cikin yawu akwai wani abu, muna ce masa inzayim. Yana da baki, igiyar sitaci ta shiga, ya datse ta, ya saki, ya kama wata."

"Tsutsa ce?"

"A'a, ba shi da rai."

"Ba shi da rai yana da baki? Yana cin kunun ke nan."

"Ba ya ci, ba ya ƙoshi, ba ya ƙarewa. Kamar almakashi. Shi ya sa ɗan kaɗan zai iya tsinka kula guda in ka ba shi lokaci."

Na taɓa harshena. Na ce, "To tunda aka haife ni yana bakina, me ya hana shi yanka mini harshe?"

Ta ce bakinsa an yi shi daidai sitaci ne, nama ba ya shiga. Mai yanka nama daban, yana ciki, mai fasa mai daban. Wai jikin mutum cike yake da su, kowane da abin da ya iya, kamar layin maƙera da na teloli a kasuwa. Na zauna ina jin kaina kamar gidan haya da ban san masu kwana a ciki ba.

Amma ba wannan ya kawo ni ba. Na ce, "Duk na ji. Me ya sa nawa kaɗai?"

Ta ce wataƙila zafi ne. Ta tafasa sauran yawun nan, ta zuba a sabon sitaci, muka jira, bai yi komai ba. Wuta tana lalata masa baki. In na Sharifa da na Jumai suna tafarfasa lokacin da Hajiya take ɗanɗanawa, nawa kuma ya huce, to magana ta ƙare.

Na so in ce haka ne. Wallahi na so. Amma na ce, "Tare muke saukewa da Sharifa. Hajiya ba ta fitowa sai ta gama wankanta da shafe-shafenta, lokacin duk sun huce daidai sha."

"Tsamiya fa? Tsami ma yana hana shi aiki."

"Sai a asibiti ake zubawa, mai so ya sa."

Ta ƙura wa kofunan ido. Na ga ita ma abin ya kama ta, ta manta da wankinta yana jiƙe. Ta ce, "Mama, ka dama mini a nan. Yadda kake yi a can, kada ka canza komai."

Na aika gida aka kawo gari da markaɗaɗɗiyar gyaɗa. Na tace, na ɗora, ya tafasa, na kawo ƙullun. Tana tsaye a kaina kamar mai gadin jarrabawa. Hannuna ya tafi bakin zanina, na kwance ƙulli, na barbaɗa, na ci gaba da juyawa.

"Tsaya! Mene ne wannan?"

"Wanne?"

"Wanda ka zuba yanzu."

"Gishiri ne. Ɗan kaɗan, don ya fito da gardin gyaɗar. Haka uwata take yi, haka duk gidanmu a Doma."

"Su Sharifa suna sawa?"

"Su? Cewa suke gishiri na miya ne."

Ta tafa hannu har maƙwabciyarta ta leƙo. "Me ya sa ba ka faɗa ba tun ɗazu?"

"Kin tambaye ni ko ina numfashi in ina damu?"

Ta sa na sake dama wani babu gishiri. Ta jera kofuna uku: mai gishiri da yawu, marar gishiri da yawu, sai mai gishiri da ba a sa masa yawu ba. Ta tsoma gindinsu a ruwan ɗumi. Muka zauna muna kallon kunu kamar marasa aikin yi. Na farkon ne ya fara saki. Kafin rana ta bar bakin ƙofar ya zama tsararo, irin wanda ya ja mini zagi. Na biyu ya ɗan sassauta kawai. Na uku yana nan daram.

Na ce, "Gishirin ne ke yanka ke nan?"

"Duba na uku. Gishiri shi kaɗai bai yi komai ba." Ta ɗauki bawon gyaɗa ta riƙe shi kamar baki. "Wannan inzayim ɗin, ban da bakinsa, yana da wani ɗan gurbi a gefe. Sitaci ba ya shiga nan. Wani ɓangare na gishiri ne yake zama a wurin. In ya zauna, sai jikin abin ya ɗan motsa, bakin ya daidaita, ya riƙa yanka da sauri. A bakin mutum akwai ɗan gishiri a yawu, ya ishe shi. Amma in ya faɗa babbar tukunya, ruwa ya sirka komai, gurbin ya zama babu kowa, sai ya yi sanyi. Nasu ma yana tsinkewa a hankali, kafin a gane an shanye. A naka ne ya tarar da abin da yake nema."

Sai injin niƙan unguwarmu ya faɗo mini. Na ce, "Kamar injin markaɗe. Hatsi ta sama yake shiga, amma akwai abin murɗawa a gefe, mai injin ya matse ko ya sassauta, niƙan ya canza."

"Haka! Sai dai a nan babu mai inji. Abin da ke yawo a wurin ne yake murɗawa."

Ta faɗi sunan wannan dabara da Turanci, alosterik ko mene ne, na ce ta riƙe kayanta. Abin da na so sani, in akwai mai zama a gefe ya ce yi sauri, akwai mai cewa tsaya?

Ta ce akwai, kuma ba don su ba da mun mutu. Ta kama damtsena. Wai a cikin naman nan akwai ajiyar sukari, da inzayim mai fasa ajiyar. In ina daka, ƙarfi ya fara ƙarewa, wani abu da gajiyar ta haifar sai ya je ya zauna a gefensa, ya buɗe masa baki, sukari ya fito. In na ajiye taɓarya ƙarfi ya dawo, wani daban ya zauna a gefen, bakin ya matse, ajiyar ta huta.

"Wa yake gaya musu na ajiye taɓarya?"

"Babu kowa. Yawan abin ne saƙon. In ya yi yawa, shi da kansa zai koma ya taɓa mai yin sa ya rage hannu."

Na dubi damtsen nan nawa da ya saki. Shekara da shekaru ana buɗewa ana rufewa a ciki, ko sau ɗaya ba a nemi shawarata ba. Na ce ikon Allah. Ta ce ita ma haka take cewa, a cocinsu.

Sai na miƙe. "Juma'a za ki raka ni."

"Mama, ni ba alƙali ba ne."

"Ban ce ki yi magana ba. Ki riƙe mini kofuna."

Ranar Juma'a muka shiga gidan ana sauke tukwane. Wata yarinyar Hajiya ce a kan tawa, tana juya muciya kamar mai tsoron ta cije ta. Hajiya Juwairiya ta fito da ludayinta, ta gan ni, ta ga Member.

"Yaya Usaina, lafiya? Har da lauya?"

"Malama ce. Ba faɗa na zo yi ba, in kin ja kuma akwai shi. Jumai, ɗebo mini daga taki, kwano uku. Taki nake so, kada a ce na yi wa tawa wani abu."

Jumai ta dubi Hajiya, ta dube ni, ta ɗebo. Na sa gishiri a biyu, a gaban kowa. Na ce, "Hajiya, ɗanɗana wannan mai gishirin da wancan marar gishirin, yadda kika saba. Ki kurɓa, ki mayar, ki juya. Na ukun kada ki taɓa."

"Ni za ki mayar abin wasa a gidana?"

"Ni a gidan naki aka mayar da ni me?"

Sharifa ta ce a hankali, "Hajiya, ki yi mana. In ba komai, ai shi ke nan."

Hajiya ta kurɓa tana harara. Aka rufe kwanonin, aka sa su cikin kula don kada su huce. Muka zauna. Member tana ta duba wayarta kamar ba da ita aka zo ba. Da aka jima Hajiya ta buɗe, ta karkata kwanon farko, yana nan da kaurinsa.

"To? Mu kira 'yan kallo?"

Na dubi Member, ta ce, "Ludayi ba ya ɗaukar yawu da yawa. A ƙara jira." Na ce a zuciyata yarinyar nan in ta kunyata ni, hayarta a unguwarmu ta ƙare.

Sai da aka fara kiran Sallah daga nesa Jumai ta sake buɗewa. Ta ɗaga kwanon farko, ta karkata, ya zubo shar kamar ruwan wanke shinkafa. Ta karkata na biyu, ya taho a hankali. Na uku sai da ta girgiza shi.

"La ilaha illallahu," in ji Sharifa. "Daga tukunya ɗaya fa!"

Hajiya ta karɓi kwanonin da kanta, ta juya wannan, ta juya wancan. Member ta yi mata bayani a gajarce, baki da gurbin gefe. Ta saurara har ƙarshe, ban hana ta wannan ba. Sannan ta ce, "To ai ga shi. Wa ya ce ki sa gishiri a kunun marasa lafiya?"

"Wannan ki tambaya, mu je wurin nas, in ta ce a daina na daina yau. Amma gishiri kika ce na sa, ko gari kika ce na kai gida?"

Ta ci gaba da juya kwanon.

"Hajiya, tambaya na yi."

"Ba ki ɗauki gari ba," ta faɗa tana kallon kwano.

"Ban ji ba. Kunnen ya tsufa."

Ta ɗago. "Yaya Usaina ba ta ɗauki garin kowa ba. Na zalunce ta. Ki yafe ni."

"Na yafe. Saura nas ɗin, ita ma ta yi maganar gari, sai ta ji wannan daga bakinki."

Yarinyar ta miƙo mini muciya tun ban nema ba. Aka loda kuloli a but ɗin motar Hajiya, Member ta hau keke ta wuce wurin aikinta, ni kuwa na buɗe gaban motar na zauna, wurin da ban taɓa zama ba. Muka hau titi. Muna cikin cunkoson masu fitowa daga Masallaci sai Hajiya ta rage murya, don kada su Jumai su ji daga baya.

"Yaya, wannan abin da ke cikin yawu. Kowa yana da shi, ko nawa ne ya yi yawa?"

Na san amsar. Na gyara mayafina, na kalli masu sayar da lemo ta taga, na bar ta da tambayarta har muka wuce shataletale.